Itatuwan da Yaya Sahabi Ya Ƙi Rubutawa a Matattu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Sahabi, ma'aikacin gandun daji. Ranar wata Talata ce, tsakanin azahar da la'asar, a gidansa da ke Tambuwal. Mu uku ne a ɗakin: ni, da matarsa Hajiya Asma'u, da ƙanen mahaifinmu, Baffa Modi, wanda aka goyo a babur tun da safe daga rugarmu ta kudancin Kebbe. Wanda ya san gidanmu ya san sunan ƙarshen nan shi ne labarin, domin an ɗauki shekaru Baffa bai taka ƙofar gidan Yaya ba.

Aikina karanta labarai ne a rediyo. A can aka koya mini in faɗi wane ne, me ya yi, a ina, in bar wa mai sauraro hukunci. Haka zan yi ƙoƙarin yi a nan, ko da yake mutumin da nake magana a kansa shi ya fara riƙe hannuna ya kai ni makaranta.

Mutane da yawa sun ɗauka aikin ma'aikacin gandun daji bai wuce kama masu saran itace ba. Babban aikin Yaya shi ne ƙidaya. Lokaci zuwa lokaci hukuma takan so ta san abin da ya rage a dazuzzukan jihar baki ɗaya: wane irin itace ne ke ƙaruwa, wane ne ke ƙarewa, nawa za a iya bari a yanka a yi katako ba tare da an kashe dajin ba. Ba kowane itace ake ƙirgawa ba, don ba mai iya wannan. Ana ware ƙananan filaye a wurare daban-daban a cikin daji, a kafa musu turaku. Duk itacen da ya faɗa cikin filin a rubuta irinsa, a zagaya shi da igiyar awo a daidai ƙirjin mutum, a shafa masa fenti a wurin da aka auna, sannan a rubuta ko yana da rai ko ya bushe. Bayan wasu shekaru a dawo wa filin nan dai, a sake awo a kan fentin nan dai. Bambancin da ke tsakanin awon farko da na biyu shi ke nuna inda daji ya dosa.

Saboda igiyar nan ce Baffa Modi ya laƙaba masa suna Tela. Ya ce bai taɓa ganin wanda aka kai makaranta ya dawo yana auna wa itace wando ba. Sunan ya bi Yaya har cikin ofis, shi kuma yana amsawa da fara'a.

Mu gidanmu noma da kiwo muke haɗawa tun kakanni. Mahaifinmu ya fi karkata ga gona, Baffa ya riƙe shanun gida duka. A bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare kuma ruwa bai sauka ba, abin da ke riƙe da ran shanu shi ne ganyen madobiya. Makiyayi ya hau da adda ya saro rassa, shanu su ci a ƙasa. Amma saran yana da ƙa'ida, kuma Baffa ba ya wasa da ita. Ba a taɓa reshen da ke can ƙololuwa, wanda muke kira kai. Ba a saran itace ɗaya shekara biyu a jere. Kuma ana karkata bakin adda yadda ruwan sama ba zai kwanta a kan saran ya ruɓar da shi ba. Itacen da aka yi wa haka, in ka gan shi daga nesa, sanda ce kawai a tsaye. Ruwa biyu ko uku na sauka sai ya cika da toho. Sai dai a doka, saran reshe a cikin gandun daji na hukuma laifi ne, ko an bar kai ko ba a bari ba. Kowa ya sani, kowa ya yi shiru, domin dajin ya yi nisa da masu dubawa.

Shekarar da aka yi wata babbar ƙidaya ta jiha, Yaya aka ba shiyyar Tambuwal da Kebbe. A bazara ake aikin, don a lokacin ne hanya ke biyuwa. Ya raba mutanensa gida biyu. Shi ya tsaya wajen garin Dogon Daji, sauran suka gangara dajin da ke bakin rugarmu. Umarnin da aka ba kowa daga sama a fili yake: itacen da ba reshe ba ganye, a sa shi a busassu. Suka bi umarni. Da suka kawo masa sakamako, sai ya ga kusan duk madobiyar da ke bakin gulbi an ce ta mutu.

Ina hutu a gidansa a makon. Ya ce in zo in raka shi, muka hau babur. Da muka isa filin farko bai ko fito da igiyar awo ba. Ya zaro 'yar wuƙa ya ɗan tsaga ɓawon itace guda. Jan ruwa ya tsattsafo kamar jini, kamar yadda ɗanyar madobiya ke yi. Ya tsaga na biyu, ya tsaga na uku, duk haka. Sannan ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon sama. A ƙololuwar kowanne akwai siririn reshe guda da aka bari, kuma duk saran a karkace yake.

Ya ce, "Ka ga hannun?"

Na ce na gani. Saran gidanmu ne. Shi kansa da wannan hannun aka koya masa.

Ga abin da ke gabansa. Busasshen itace a gandun daji ana iya ba masu yankan katako izininsa cikin sauƙi, tunda an ɗauka ya riga ya mutu. In ya bar sakamakon yadda yake, itatuwan sun zama na mai zarto. In kuma ya gyara ya ce suna da rai an sare musu rassa ne, dole a tambayi wanda ya sare, kuma ruga ɗaya ce a bakin wannan dajin.

Mun iske Baffa da yamma a gindin tsamiya yana tufkar igiyar ɗaure maruƙa. Yana hango mu ya fara dariya.

"A'a, Tela! Yau wane icce za a ɗinka ma wando?"

Muka durƙusa muka gaishe shi. Yaya ya ce, "Baffa, madobiyar bakin gulbi munka iske an aske ta."

"To, shanu mi za su ci? Takarda?"

"Mutanena sun rubuta ta mutu."

"Madalla da mutanenka, Allah shi yi musu albarka. Bar shi hakanan. Mataccen icce ba shi da mai laifi."

"Matacce kuwa, Baffa, mai zarto za a ba."

Baffa ya ajiye igiyar. "Wace mota ka shigowa nan? Jaki ma sai da lallashi."

"Sun shiga inda ya fi nan muni. Akwai wanda ya riga ya fara zarya ofis shina tambayar dajin ga."

"In ka ce tana da rai, sai a ce wa ya aske ta."

"Za a ce."

"Kai kuma ka ce mi?"

"Ba sai na ce komi ba. Mu kaɗai muka nan."

Baffa ya dube shi tun daga hula har takalmi. Ya ce, "Da nonon shanun ga ka girma, Sahabi."

Ban taɓa jin ya kira shi da sunansa na yanka ba sai ranar. Yaya bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Shi ya sa, Baffa. Kai ka koya man a bar ma icce kai don shi rayu. Ya rayu. Yanzu ka ce in rubuta ya mutu?"

Baffa ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka. Ba a kawo mana nono ba, mu ma ba mu jira ba.

Yaya ya koma kowane fili da kansa, ya tsaga kowane ɓawo, ya gyara sakamakon. Abin da ya faɗa wa Baffa kuma ya faru. Aka turo masu gadi, aka hana rugarmu shiga dajin. Bazara biyu a jere Baffa yana kora shanu kudu neman abinci, a ƙasar da bai san mashayarta ba. Shanu sun mutu a tafiyar, cikinsu har da jar saniyar da mahaifiyarmu ta zo da ita gidan aure. Da labari ya iso, Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta dubi Yaya ta ce, "Sahabi, ashe bironka ya fi wuƙa kaifi." Ya sunkuyar da kai. Na rubuta wannan ne don kada mai karatu ya ɗauka gaskiyar da yayana ya tsaya a kai ta zo kyauta. An biya ta, kuma waɗanda suka fi biya ba su ne suka zaɓa ba.

Daga nan sunan Tela ya mutu a gidanmu. In an haɗu wurin suna ko gaisuwar Sallah, Yaya ya durƙusa, sai Baffa ya ce, "Sannu, Ofisa. An zo rangadi?" Ya juya ya ci gaba da hira da na kusa da shi. Yaya bai daina durƙusawa ba, bai kuma taɓa aika kowa ya ba da baki ba. Sau ɗaya na ce masa bari in yi wa Baffa magana. Ya ce, "Ka gaya mashi mi? Shanunai sun mutu. Wannan ma gaskiya ta."

A tsallaken gulbin akwai wani yanki na dajin da ya faɗa hannun wasu ma'aikatan na daban. Su ma sun iske sanduna a tsaye, su ma sun bi umarni, kuma ba wanda ya koma ya tsaga ɓawo. Ba ha'inci suka yi ba, ba su taso a gidan shanu ba ne kawai. Aka ba da izini bisa ƙa'ida. Motar da Baffa ya ce ba ta iya shiga ta shiga. Rani ɗaya ya isa. Ɗan Baffa, Sambo, ya ba ni labarin cewa ta nan suka biyo da shanu a hanyarsu ta dawowa daga kudu. Kututture ne iya ganinka, kowanne da jan ruwa ya bushe a kansa kamar an yi yanka. Ya ce Baffa ya tsaya ya dafa sandarsa ya daɗe, sannan ya ce a kora shanu. Da suka tsallako gefenmu, madobiya ta yi toho har tana inuwa.

Ba zan ce Baffa ya zo ya ba da haƙuri ba, domin bai zo ba. Shi ma Yaya ban taɓa jin ya ce "ai na faɗa" ba. Abin da ya yi shi ne ya hana shugabanninsa sakat. Ya yi ta maimaita musu cewa tsakanin mai rai da busasshe akwai na uku, wato wanda aka sare wa rassa, kuma duk ƙidayar da ba ta san da shi ba za ta riƙa nuna mutuwa a inda babu ita. Ya kuma ce korar makiyaya ba ta tsare daji, don su ne idon da ke cikinsa dare da rana. Ya ɗauki shekaru kafin a saurare shi. A ƙarshe aka zauna da masu unguwanni da ardo-ardo na yankin, aka yarda makiyaya su riƙa saran ganye a bazara bisa sharaɗi uku: a bar kai, kada a maimaita itace shekara biyu a jere, a karkata sara. Na karanta sanarwar da bakina a rediyo. Ƙa'idar Baffa ce ba ragi ba ƙari, ko da yake ba a ambaci sunansa ba, shi kuma bai halarci zaman ba.

Yaya ya ga ƙidaya ta gaba kafin ya yi ritaya. Na tambaye shi me ta nuna, don in sami abin faɗa a shirinmu na noma. Bai yi mini kwaskwarima ba. Ya ce manyan itatuwa suna raguwa kusan ko'ina. Ƙirya ta tafi gawayi da turmi. Madaci sai a gefen gulbi ko a maƙabarta, inda ake jin nauyin sara. Abin da ke maye gurbinsu sabara ce da kalgo, waɗanda ba sa ba da katako. Amma a filayensa na bakin rugarmu, itatuwan da ya shafa wa fenti sun ƙara kauri. Ya ce, "Awo ɗaya ba ya gaya maka komi. Sai ka koma ka ga ko wandon ya matse." Ya yi dariya. Ina jin ya tuna wanda ya ƙirƙiro zancen wandon.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yau. Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato ya ga buhunan gawayi a jere a bakin titi, kuma buhun da ke nan yau ba shi ne na jiya ba. Madobiya da a da sai mai sassaƙa ko kafintan gari ke nema, ta zama abin da ake lodawa a manyan motoci a fita da shi. Ga rashin tsaro da ya sa wasu dazuzzukan ko ma'aikaci ba ya iya shiga, balle ya tsaya yana zagaya itace da igiya. Na tabbata waɗannan za su dame shi. Amma na san shi, ba zai zauna yana cewa zamani ya lalace ba. Tambaya zai yi: yaushe aka yi awon ƙarshe, kuma wa ya koma ya duba?

Kwanakin baya na gayyato wata matashiyar jami'ar gandun daji cikin shirinmu. Ta yi bayanin yadda yanzu ake duba daji daga hotunan tauraron ɗan'adam, a ga jiha guda a fuskar kwamfuta. Abin ya burge ni ƙwarai, kuma zai burge Yaya, don shi mutum ne mai son sabon kayan aiki. Bayan an kashe makirufo na tambaye ta a wane lokaci na shekara hoton ya fi fita. Ta ce da rani zuwa bazara, lokacin da babu gajimare. Na ce, to itacen da makiyayi ya sare wa rassa fa, yaya yake fitowa? Ta ce kamar fili. Ta ce sun san da wannan, shi ya sa hoto ba ya wadatarwa sai an aika mutum ya taka da ƙafa, kuma samun shiga dajin ne babbar matsalarsu yanzu. Na ji daɗi da na ga ta sani. Kuskuren da yayana ya kama da 'yar wuƙa yana nan, ya dai koma sama ne. Kuma har yanzu maganinsa mutum ne da zai je gindin itacen.

In aka ce in auna abin da ya bari, ba zan ce ya ceci dazuzzukan jihar ba. Bai yi ba, shi ma bai taɓa cewa ya yi ba. Abin da ya bari ƙarami ne, kuma ana iya zuwa a taɓa shi da hannu: wani yanki na madobiya a bakin gulbi, da shanun da ke ci a ƙarƙashinta duk bazara ba tare da makiyayi yana waige-waige ba. Ya kuma bar mana misalin ma'aikacin da aka ba amanar ƙirga dukiyar jama'a, dangi suka ce ya bar kuskure ya wuce tunda ba shi ya yi shi ba, ya ƙi. Ina alfahari da shi. Ina kuma alfahari da tsohon da ya koya masa abin da ya sa ya ƙi.

Ranar Talatar nan, da Baffa ya shigo ɗakin, ba wanda ya aika masa. Labari ya ji a kasuwar Kebbe cewa jikin ya yi tsanani. Ya cire takalmi, ya zauna a bakin katifa, ya daɗe yana duban Yaya.

Ya ce, "Tela, ka rame."

Hajiya Asma'u ta rufe baki da gyale ta juya fuska bango. Yaya ya buɗe ido. Muryarsa ta yi ƙasa, sai da na matso na ji.

"Baffa. Itatuwan sun yi ƙiba?"

"Wanda ka shafa ma fenti bakin mashaya, jiya na rungume shi. Hannuwana ba su gamuwa."

"A daidai ƙirji ka auna?"

"A ƙirjina dai. In kana son naka, tashi ka tafi ka auna."

Yaya ya yi murmushi. Baffa ya kama hannunsa ya fara yi masa kalmar shahada, yana amsawa. Ya cika kafin a kira la'asar. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Baffa Modi ya bi shi bayan shekara uku, Allah ya gafarta masa. Sambo ke riƙe da shanun yanzu. Tun bayan ritayar Yaya ba a sake zuwa awo a filayen bakin gulbi ba, kuma ruwa da rana sun kusa cinye fentin. A bazarar da ta wuce Sambo ya sayi gwangwanin jan fenti a kasuwar Kebbe, ya bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya ya sabunta alamar a inda tsohuwar take, don masu awo su same ta in sun dawo.